Makin rai ko raunin gaɓa: wace dokar rauni ta dace da wasan teburinka?

A Dungeons & Dragons bugu na biyar, mayaƙin da ya kai mataki na 10, mai ƙarin ƙarfin jiki +3, yana da makin rai 94 (lambar da take nuna yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi) in an bi lissafin tsaka-tsaki na littafin: 13 a matakin farko, sannan 9 a kowane ɗaya daga matakai tara da suka biyo baya. Ka tunkuɗo shi daga kan dutse mai tsayin ƙafa 200. Dokar faɗuwa ta ce a jefa dayis mai fuska shida guda 20, kuma nan ne iyakarta ko da daga cikin gajimare ya faɗo. Matsakaicin abin da zai fito 70 ne. Sai ya miƙe da maki 24, ya kakkaɓe ƙura, ya zare takobi ya kai sara da ƙarfin da ya tashi da shi da safe. In ya samu dogon hutu na awa takwas, gobe ya koma 94 cif. Manomin da ke gindin dutsen kuwa makinsa 4 ne, sukar wuƙa ɗaya tana iya gamawa da shi.

Daga nan gardamar take tasowa a wasannin da ake zama a kewaye tebur, kowa da jarumin da yake magana da yawunsa, jagoran wasa yana ba da labari, dayis yana yanke hukunci. Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da D&D a 1974 ake ta ƙirƙiro dokokin da za su sa rauni ya yi kama da rauni. Kafin ka sayi littafi ko ka yi wa dokokin da ke hannunka kwaskwarima, abu huɗu za ka duba: me sulke yake yi in sara ya sauka, ko makin rai yana ƙaruwa da ƙwarewa, me yake faruwa da mutum tsakanin lafiya lau da faɗuwa, da kuma tsawon jinya. (In ka ga d6 ko d20, lambar ita ce yawan fuskokin dayis ɗin. 2d6 kuma na nufin a jefa biyu a haɗa.)

Abin da jiki yake yi da gaske

Baligi yana da jini kusan lita 5, kuma in ya zubar da abin da ya haura kashi 40 cikin 100, wato lita 2, yana bakin mutuwa. Babbar jijiyar jini ta cinya in ta yanke, mintoci kaɗan suka rage. Amma a cikin waɗannan mintocin mutum yana iya gudu, yana iya harbi. Ranar 11 ga Afrilu 1986 a Miami ta Amurka, jami'an FBI sun yi musayar wuta da 'yan fashin banki biyu. Tun da farko-farkon faɗan harsashi mai milimita 9 ya ratsa hannun ɗayansu, Michael Platt, ya shiga ƙirjinsa ya tsaya dab da zuciya. Raunin ajali ne, amma da shi a jikinsa ya ci gaba da harbi har ya kashe jami'ai biyu. A gefe guda kuma akwai wanda ƙaramin rauni zai zaunar da shi nan take saboda firgici.

Ƙasusuwan yaƙin da ma sun nuna inda makami yake sauka. A kaburburan yaƙin Visby na 1361 a tsibirin Gotland an tono ƙwarangwal fiye da dubu, kuma sara a ƙwauri ya yi yawa ƙwarai, domin nan garkuwa da sulke ba su kai ba. A kabarin yaƙin Towton na 1461 a Ingila kuwa raunin kai ne ya rinjaya. Bayan yaƙi sai jinya: karaya tana cin mako shida zuwa takwas, kuma kafin zuwan fenisilin a shekarun 1940 ruɓewar rauni tana kashe wanda takobi ya bari.

Abin lura a nan shi ne rauni na gaskiya ba ya bin ƙa'idar tulu mai yoyo a hankali. Wurin da ya sauka ya fi yawansa muhimmanci, sakamakonsa ba shi da tabbas, kuma wahalarsa ta fi tsawo bayan an gama faɗa. Da wannan ma'auni za a auna kowace doka.

D&D: tulun da yake girma

Gygax da kansa ya yi bayani a littafin jagoran wasa na 1979 cewa yawancin makin babban jarumi ba tsoka da ƙashi ba ne, ƙwarewa ce da sa'a da kariyar sihiri. A wannan fahimta, saran doguwar takobi mai 1d8+3, wanda matsakaicinsa 7.5 ne, ba ya huda mayaƙi mai maki 94 sau goma sha uku. Goma sha biyun farko gocewa ce da gajiya da ƙujewa, na ƙarshe ne ya shiga jiki. Bayanin yana tafiya daidai a faɗan takobi, amma yana karyewa a wurare sanannu. Faɗuwa daga dutse babu gocewa a cikinta. Kibiya mai dafi dole ta huda fata kafin dafin ya yi aiki. Ruwan maganin warkarwa na gama-gari yana mayar da 2d4+2, wajen maki 7: ya isa ya ta da manomi daga bakin kabari ya mayar da shi garau, amma a jikin babban mayaƙi ko kashi goma cikin ɗari bai kai ba.

Sulke a D&D ba ya rage zafin sara, yana dai sa samunka ya yi wuya. Mai cikakken sulken faranti lambar kariyarsa 18 ce, sai harin da ya kai 18 yake samunsa, amma in ya same shi, kamar tsirara yake. Mai maki 1 kuma yana faɗa daidai da mai 94. A sifili sai ya faɗi ya fara jefa d20 kowane zagaye, wato duk lokacin da layi ya zagayo kansa a faɗan: 10 zuwa sama nasara, nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu. Ko ba wanda ya taimake shi, damar tsirarsa kusan 60 cikin 100 ce.

Duk da haka kada a raina wannan tsari. Hari ɗaya jifa biyu ne da ragi ɗaya, yaro ma zai iya. Ɗan wasa yana ganin hatsari yana matsowa, yana da zagaye biyu ko uku na yanke shawarar guduwa. Jarumin da aka shekara ana ginawa ba ya mutuwa saboda jifa guda. Ga labarin jarumai masu tunkarar dodanni, wannan shi ne abin da ake bukata.

RuneQuest: jiki gaɓa bakwai ne

Steve Perrin da abokan aikinsa a kamfanin Chaosium sun fitar da RuneQuest a 1978, kuma har bugun 2018 ƙashin bayan dokar bai canza ba. Makin rai ba ya ƙaruwa don ka ƙware. Abin da yake ƙaruwa shi ne iya kai hari da iya tarewa, waɗanda ake auna su da kaso cikin ɗari. In hari ya wuce garkuwa, sai a jefa d20 a ga inda ya sauka: 1 zuwa 4 ƙafar dama, 5 zuwa 8 ƙafar hagu, 9 zuwa 11 ciki, 12 ƙirji, 13 zuwa 15 hannun dama, 16 zuwa 18 hannun hagu, 19 da 20 kai. Ka lura ƙafafu sun kwashe kashi 40 cikin 100, abin da ya yi kusa da labarin ƙasusuwan Visby.

Mutum mai jimillar maki 13 yana da 5 a kowace ƙafa, 5 a ciki, 6 a ƙirji, 4 a kowane hannu, 5 a kai. Takobi yana yin 1d8+1, ƙaƙƙarfan mutum yana ƙara 1d4, matsakaici 8 ke nan. Wannan 8 ɗin in ta sauka a hannun da babu komai a kansa, ta ninka makin hannun sau biyu: hannu ya tashi daga aiki, mai shi kuma zafi ya gigita shi, ya fita daga faɗan. In sara ɗaya ya kai 12, ninki uku, hannun ya guntule ko ya nakasa. Amma in akwai farantin tagulla mai tare maki 6 a damtsen, 2 kawai suke shiga. Fata tana tare 1 ko 2. Nan take ɗan wasa yake gane dalilin kwalkwali, yake ƙirga kuɗinsa ya ga ko zai sayi na ƙwauri kafin na ƙirji.

Wannan tsari, a ganinmu, shi ne ya fi ba da ɗanɗanon faɗan takobi da garkuwa a kan farashi mai sauƙi. Farashin dai yana nan: hari, tarewa, gaɓa, lahani, jifa huɗu ke nan, sannan a rage sulke, a rubuta a gaɓa, a rubuta a jimilla. Ɗan wasa jarumi ɗaya yake riƙe da shi, amma jagora mai abokan gaba takwas yana riƙe da gaɓoɓi 56. Dabarar da ta fi aiki ita ce a bar cikakken lissafi ga manyan abokan gaba, ƙananan kuwa duk wanda gaɓarsa ɗaya ta kai sifili a ɗauka ya faɗi ko ya arce. Matsala ta biyu ita ce ƙwararru biyu suna iya shafe zagaye da yawa suna tare wa juna hari, ba abin da ya motsa, sai jifa ɗaya ya raba gardama. Akwai masu jin daɗin wannan zaman ɗar-ɗar, akwai kuma masu gundura. Jinya ta ɗabi'a maki biyu ko uku ce a mako, sai dai Glorantha, duniyar da labarin RuneQuest yake gudana a cikinta, cike take da sihirin warkarwa, kuma shi yake sa wasan ya ɗore. In ka ɗauki dokar ka kai ta duniyar da babu sihiri, ka shirya wa jarumai masu dungu. Mythras, wanda ya samo asali daga RuneQuest, ya ma jefar da jimillar gaba ɗaya ya bar makin gaɓoɓi kaɗai.

GURPS: irin makami da inda ya shiga

GURPS na kamfanin Steve Jackson ya fito a 1986, bugu na huɗu a 2004. Talakan mutum makinsa 10, daidai da ƙarfinsa, kuma zagaye ɗaya daƙiƙa ɗaya ce. Lissafin hawa uku ne: a jefa lahani, a rage abin da sulke ya tare, a ninka saura gwargwadon irin makamin. Duka da kulki ba a ninka shi, sara ana ninka shi da ɗaya da rabi, suka da mashi da biyu.

Ɗauki mai ƙarfi 12 da takobi: 1d6+3. Ya jefa 4, ya zama 7. A jikin marar sulke, 7 sau ɗaya da rabi 10 ne in an yar da ɓurɓushi, makin mutumin duka ke nan. A jikin mai sulken zobba, wanda yake tare 4, saura 3, a ninka ya zama 4. Wannan sulken kuma 2 kawai yake tarewa in da gulma aka doke shi. Duk wanda ya taɓa duba sulken mahayan hawan salla kusa-kusa zai ga hikimar: zobban ƙarfe suna hana kaifi yanka, amma suna lanƙwasa, nauyin dukan yana isa ƙashi, shi ya sa ake son abu mai kauri irin lifidi.

Bayan rauni kuma akwai matakai. Zagayen da ya biyo baya ana rage maka ƙwarewa da yawan makin da ka rasa, iyaka 4, sannan ragin ya wuce. Rauni guda da ya haura rabin makinka yana sa ka jefa 3d6 a kan lambar lafiyar jikinka, in ka faɗi jifan ka zube a gigice. Ƙasa da sulusin maki, gudunka da gocewarka sun koma rabi. Daga sifili zuwa ƙasa kana jifa kowace daƙiƙa don kada ka suma. Jifan mutuwa na farko yana zuwa a −10, ana maimaitawa a −20, −30, −40, sai a −50 mutuwa ta zama dole. Mai lafiya 10 yana cin kowane jifa rabin lokaci, mai 12 kusan sau uku cikin huɗu.

A nan GURPS ya fi kowa kusantar abin da ya faru a Miami. Ƙaramar bindiga mai milimita 9 tana yin 2d6+2, matsakaici 9. In ta samu zuciya ko huhu ana ninkawa uku, 27, mutum ya koma −17. Yana iya mutuwa nan take, yana iya suma, yana kuma iya cin jifansa ya ci gaba da harbi na wasu daƙiƙoƙi yana zubar da jini. Harsashin nan in a hannu ya sauka, maki 6 kawai ake ƙirgawa, hannun ya shanye, sauran ya wuce waje. Ƙoƙon kai yana tare 2, abin da ya shiga a ninka huɗu, amma auna shi yana rage ƙwarewarka da 7. Jinya kuwa maki ɗaya a rana, shi ma sai an ci jifa.

Kuskuren da sababbin jagorori suke yi shi ne kunna duk dokokin zaɓi rana ɗaya: gaɓoɓi, zubar jini, gajiya, nisan harbi. Faɗan daƙiƙa goma sai ya cinye yammaci guda. Ka fara da sulke da ninkawa da gigicewa. Bayan zama biyu ko uku ka ƙara gaɓoɓi. Zubar jini ka bar shi ga labarin da neman likita yake cikin abin da ake wasa a kai. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan hanya ya duba Phoenix Command na 1986 ko jadawalin mugun rauni na Rolemaster, inda duba shafuka yake cin lokaci fiye da faɗan.

Masu sauƙin lissafi

Call of Cthulhu bugu na bakwai ya samu kaso mai tsoka na wannan gaskiyar da doka ɗaya tak. Makin rai shi ne ƙarfin jiki da girman jiki a haɗa a raba goma, 60 da 60 sun ba da 12, kuma ba ya ƙaruwa. Duk harin da ya ci rabin makinka a bugu ɗaya babban rauni ne: ka faɗi ƙasa, ka yi jifa don kada ka suma. In ka kai sifili da babban rauni kana mutuwa ne, in babu shi suma kawai ka yi. Libarba mai 1d10 tana ba mai maki 12 babban rauni rabin lokaci. Bindigar farauta mai 4d6 a kusa akasari kisa ce nan take. Ƙaramin rauni yana warkewa maki ɗaya a rana, babba kuwa jifa ɗaya ne a mako. Babu gaɓoɓi, babu ninkawa, amma 'yan wasa suna tsoron bindiga yadda mutane suke tsoronta.

Savage Worlds na 2003 ya bar ƙirga maki ɗungurungum. Matsakaicin mutum taurinsa 5. Lahani 5 zuwa 8 ya girgiza shi, 9 zuwa 12 rauni ɗaya, kowane ƙarin 4 wani raunin. Jarumi yana ɗaukar uku, na huɗu ya kwantar da shi, 'yan rakiya kuwa ɗaya ya ishe su. Dayis da ya fito da lambarsa mafi girma ana sake jefa shi a ƙara, don haka wuƙar yaro tana iya kayar da barde. Yana da sauri a faɗan mutum ashirin, amma salonsa na fim ne.

Kowane rauni a Savage Worlds yana rage 1 daga jifanka har zuwa 3, kuma yana nan har ka warke. Irin wannan ragin mai ɗorewa, wanda yake a wasannin Shadowrun da Vampire ma, shi ne gangaren mutuwa: wanda aka fara ji wa ciwo ya fi kuskure, ya fi shan wani ciwon. Mutane da yawa suna ɗaukarsa a matsayin alamar gaskiya, alhali a tsakiyar faɗa jiki yakan danne zafi, sai ƙura ta lafa ciwon yake bayyana. In za ka yi amfani da shi, ka tabbata akwai ƙofar fita: dokar guduwa, miƙa wuya, karɓar fansa.

To wanne za ka ɗauka?

In labarinka na bincike ne ko ban tsoro, faɗa sau ɗaya a zama ko ƙasa da haka, Call of Cthulhu ya wadatar. In na takobi da garkuwa ne, kana son sayen kwalkwali ya zama shawara mai nauyi, RuneQuest ko Mythras. In akwai bindigogi, ko kana son bambancin mashi da gatari ya fito a lissafi, kuma mutanen teburinka ba sa gudun ninkawa, GURPS. In kuwa abin da ya tara ku shi ne faɗa uku ko huɗu a dare da jarumai masu daɗewa, ku zauna a D&D da zuciya ɗaya. Ka tuna duk dokar da ta matsa kusa da gaskiya tana rage yawan faɗan da labari zai iya ɗauka. Jagoran da ya kawo RuneQuest amma ya jera faɗa irin na D&D zai binne jarumai kafin zama na uku.

Da yawa za su so su tsaya a D&D su ɗan ƙara masa gishiri, kuma a nan ake yawan ɓata miya. Littafin jagora na 2014 yana da zaɓuɓɓuka. Wanda ya fi amfani shi ne mayar da gajeren hutu awa takwas, dogon hutu kwana bakwai: jinya ta samu nauyi ba tare da an taɓa lissafin faɗa ba, sai dai ka baza faɗace-faɗacen cikin mako maimakon yini. Tsayar da hawan mataki a 5 ko 6 ma yana aiki, domin mayaƙin nan namu a mataki na 5 makinsa 49 ne, faɗuwar ƙafa 200 za ta kayar da shi. Mayar da sulke ya zama mai rage lahani kuwa yana karya ma'auni: ragin maki 3 yana cinye kusan rabin sukar mai wuƙa, amma ƙaton da yake dukan 25 ko a jikinsa.

Mafi hatsari shi ne jadawalin raunuka masu ɗorewa, irin rasa ido ko ɗingishi. Littafin ya ba da damar a jefa shi duk lokacin da maƙiyi ya samu 20 a d20. Dodo yana rayuwa zagaye uku ne ya mutu, nakasarsa ba ta dame shi ba. Mayaƙin da yake tsaye a gaba kuwa, in aka kai masa hari 20 a zama ɗaya, damar a samu 20 aƙalla sau ɗaya ta kai 64 cikin 100, kuma haka za a yi ta yi mako bayan mako. Ka ɗaure jadawalin ga faɗuwa sifili kawai, sau ɗaya a kowane faɗa, kuma ka gaya wa 'yan wasa tun zaman farko kafin kowa ya zaɓi jaruminsa.